Ahmed Abdul-Malik ba ɗan Sudan ba ne, amma kada a goge sunansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi gyara a kan wani rubutu da ya fito a shafinku na al'adu kwanakin baya, wanda ya yi magana a kan zumuncin Hausawa da mutanen Sudan. Rubutun ya yi armashi, kuma na ji daɗin yadda marubucin ya tuna da A'isha al-Falatiya, 'yar Hausawan Sudan da ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen jera 'yan Sudan da suka yi fice a ƙasashen waje, da ya sa Ahmed Abdul-Malik, makaɗin jaz na Amurka, a cikinsu. Ina roƙon a buga gyara, amma a buga shi da bayani, kada a tsaya ga cewa an cire sunan mutum kawai.

Abdul-Malik ba ɗan Sudan ba ne, ta uwa ko ta uba. Ban ga laifin marubucin sosai ba, domin mai sunan da bakinsa ya riƙa cewa mahaifinsa daga Sudan ya zo, aka buga haka a bayan faya-fayensa, marubuta tarihin jaz suka yi ta kwafa shekara da shekaru. Ni na yi aiki a ɗakin ajiyar faya-fayi na wani gidan rediyo har na yi ritaya, na san yadda abin da aka rubuta a bayan kwalin faifai yake zama hujja a bakin mai gabatar da shiri. Sai da wani masanin tarihi Ba'amurke, Robin Kelley, ya bi takardu, ciki har da takardar rasuwar mahaifin da rajistar ƙungiyar makaɗa ta birnin Niyu Yok, ya fitar da sakamakon a littafi a 2012. An haifi mutumin ranar 30 ga Janairun 1927 a unguwar Brooklyn, sunansa na yanka Jonathan Tim, sunan mahaifinsa ke nan aka mayar masa. Iyayen daga tsibirin St. Vincent suka zo, can yankin Karebiyan, lokacin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Uban lebura ne mai aikin filasta, kuma shi ya fara ɗora wa yaron goge irin na Turawa a kafaɗa. Ya rasu a 1941, yaron yana da shekara 14. A shekarun 1940 Jonathan ya musulunta ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi.

To, wani zai ce magana ta ƙare, an kama maƙaryaci. A nan ne nake son a dakata, domin in an bar zancen asali gefe guda, aikin da mutumin nan ya bari ya isa a ba shi shafi guda a jaridarku.

Bes ɗin da yake kaɗawa ba jitar lantarkin nan ba ce da samari ke ratayawa a wuya. Ƙaton akwatin katako ne mai siffar gogen Turawa, tsawonsa ya kai tsayin namiji, ana kafa shi a ƙasa a kan ƙusa guda, makaɗi ya tsaya a bayansa ya rungume shi. Tsirkiya huɗu gare shi masu kauri, waɗanda a wancan zamani akasari da hanjin dabba ake yin su, kuma da yatsa ake fizgarsu har yatsun su yi kanta. Akasari babu na'urar ƙara sauti a jikinsa a lokacin, ƙarfin hannu ne kawai, ga ganguna da ƙahonni suna ta ruri a gefe. Aikin mai bes shi ne ya saki murya ɗaya a kan kowane bugu, huɗu-huɗu, ba fashi, tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa. Su masu abin sukan ce bes ɗin yana tafiya. Da wannan tafiyar yake riƙe wa sauran lokaci, kuma da ita yake nuna musu inda waƙar ta kai, ko da mai busa ya yi nisa cikin ƙirƙirarsa. In ya yi daidai ba wanda ya kula da shi. In ya kuskure kowa ya watse. Kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne zai iya kawo sunan masu kalangun da ke bayansa? Haka rabon mai bes yake a jaz.

Abdul-Malik ya koyi sana'ar a makaranta da kuma dandali. Ya yi karatu a makarantar sakandaren kiɗa da zane da ke Harlem, sannan ya yi aiki da Art Blakey, mai ganguna, tun yana saurayi. Babban gwajinsa ya zo a 1957, lokacin da ya gaji Wilbur Ware a rukunin Thelonious Monk da ke wasa a wani ƙaramin kulob mai suna Five Spot. Monk mai fiyano ne wanda ba ya sauƙaƙa wa kowa. Yakan buga murya biyu ya yi shiru, ya bar rami a tsakiyar kiɗa, sannan ya faɗo a inda ba ka zata ba. Wani lokaci ma ya miƙe daga kan fiyanon gaba ɗaya ya shiga 'yar rawarsa a gefe, ya bar John Coltrane yana zuba busa babu ƙaƙƙautawa. A irin wannan lokaci ba wanda ya rage da zai riƙe ginshiƙin waƙar sai mai bes. Duk wanda ya saurari faya-fayen da aka ɗauka a kulob ɗin a watan Agustan 1958, lokacin Johnny Griffin ya maye gurbin Coltrane, Roy Haynes yana kan ganguna, ya kasa kunne can ƙasa. Zai ji murya mai kauri, marar ado, tana takawa ba gaggawa ba jinkiri, ga hayaniyar mutane da ƙarar kofuna a bayanta. A ganina bai kai Ware dabara ba in an ba shi fili ya yi shi kaɗai, kuma ba sa'an Oscar Pettiford ko Charles Mingus ba ne wajen nuna gwaninta. Amma abin da Monk ke buƙata shi ne wanda ba zai girgiza ba, kuma ya samu.

Akwai wani dare da ya kamata masu sauraron rediyo su sani. Ranar 29 ga Nuwamban 1957, Monk da Coltrane da Abdul-Malik da Shadow Wilson suka hau dandalin Carnegie Hall a wani wasan tara kuɗi don wata cibiyar al'umma ta Harlem. Billie Holiday da Ray Charles da Dizzy Gillespie da Sonny Rollins duk sun yi wasa a daren. Gidan rediyon Muryar Amurka ne ya naɗi wasan, amma ba a watsa shi ba. Tef ɗin ya kwanta a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka har 2005, lokacin da wani ma'aikacin wurin, Larry Appelbaum, ya ci karo da shi yana cikin aikin juye tsofaffin tef-tef. A shekarar aka fitar da shi, duniyar jaz ta ɗauka, domin kafin nan ba a da wani naɗi mai tsabta na wannan rukunin a gaban jama'a. Abdul-Malik bai ga wannan ba, ya riga ya rasu da shekara 12.

Ka yi mini uzuri, Malam Edita, in ɗan kauce. Shekara 48 tef yana ajiye a wuri mai sanyi, ba wanda ya taɓa shi, aka ɗora shi a na'ura ya yi magana tangaran. Ni kuwa da idona na ga an ɗauko tef mai ɗauke da kiɗan wani makaɗin fada da aka naɗo a ƙauye, aka goge shi aka ɗora jawabin wani jami'i a kai, wai babu kuɗin sayen sabo. Makaɗin ya rasu, jawabin kuma ba wanda ya sake neman sa. Wasu tef ɗin zafi ne ya manne su, wasu ɗigon rufi ya ci. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka yi aikin sun san kansu.

Abin da ya raba Abdul-Malik da sauran masu bes na zamaninsa shi ne udu, kayan kiɗan Larabawan nan mai ƙaton ciki da gajeren wuya da muke ji a waƙoƙin Sudan da Masar. A Brooklyn akwai titin Atlantic, inda 'yan Siriya da Labanan suka kafa shagunan kayan yaji da na faya-fayi da gidajen abinci. Nan ya riƙa zuwa tun yana matashi, ya zauna da tsofaffin makaɗansu ya koya. Abokinsa na ƙuruciya, Randy Weston mai fiyano, ya sha ba da labarin cewa Abdul-Malik ne ya fara kai shi wannan unguwa ya ji udu da ƙanun, wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake shimfiɗawa a kan cinya, ya dawo gida yana neman waɗannan muryoyin a kan fiyano ya rasa. Dole ya rasa. Fiyano maɓallansa a ƙayyade suke, tsakanin wannan da na kusa da shi babu komai, alhali da yawa daga maƙaman Larabawa, wato jerin muryoyin da suke gina waƙa a kai, a wannan tsakanin suke zaune. Shi kuwa bes, da goge, da udu, duk wuyansu sumul yake babu ƙarfen da ya raba murya da murya, yatsa na iya sauka a duk inda kunne ya so. Ina ganin wannan ne ya sa mai bes ya riga masu fiyano gane hanyar.

A watan Oktoban 1958 ya shiga ɗakin naɗi da sunansa na kansa, ya yi faifan Jazz Sahara wa kamfanin Riverside. Dubi waɗanda ya tara: Naim Karakand, dattijo mai goge ɗan asalin Halab ta Siriya, da mai ƙanun, da mai ƙaramar gangar darbuka, da Bilal Abdurrahman a kan dufi, da Al Harewood a kan gangunan jaz, sai Johnny Griffin da saksofon ɗinsa. Babu fiyano ko ɗaya. Kiɗa huɗu ne a faifan, kowanne dogo, kuma sunayensu da Larabci. Yadda abin ke tafiya, Larabawan sukan shimfiɗa waƙar su yi ta juya ta, Abdul-Malik yana kan udu, can sai ya koma bes, gangunan jaz su shigo, Griffin ya faɗo da busa irin ta Chicago a kan ma'auni guda da ba ya canjawa. Ba ko'ina ɗinkin ya ɓace ba. Akwai wuraren da za ka ji ƙungiya biyu ce a ɗaki ɗaya kowace tana jiran ɗaya ta gama. Amma a tuna wannan kafin Miles Davis ya fitar da faifansa na 1959 ne, wanda ya sa duniya ta karɓi salon tsayawa a kan ma'auni ɗaya maimakon tseren sauya muryoyi. Abdul-Malik ya biyo ta tasa ƙofar ya iso wurin, kuma ba a cika ambatonsa ba in ana wannan lissafi.

Ga wani abu da ya kamata marubucinku ya lura da shi da kunnensa, ko ba tare da takardun Kelley ba. Mu nan mun tashi da waƙoƙin Sudan, mun san Sayed Khalifa da Mohammed Wardi. Kiɗan Omdurman a kan muryoyi biyar yake tafiya, shi ya sa yake shiga kunnen Bahaushe da Babarbare ba sallama. Abin da ke cikin Jazz Sahara ba shi ba ne. Maƙam ne irin na Sham da Alƙahira, na mutanen da ya zauna da su a titin Atlantic. Wanda ya gaji kiɗa daga uba ɗan Sudan ba haka hannunsa zai faɗa ba. Sai daga baya ne ya haɗu da ɗan kogin Nilu na gaske, Hamza El Din, Banube daga kudancin Masar, wanda ya kaɗa udu a faifan Abdul-Malik na 1964.

To me ya sa ya ce shi ɗan Sudan ne? Ra'ayina zan faɗa, ba hujja ba. Baƙar fata a Amurka ta shekarun 1940 mutum ne da aka yanke masa zaren asali. Sunan da yake ɗauke da shi na wanda ya mallaki kakanninsa ne, kuma a jihohin kudu doka ta hana shi shiga otal ɗin da yake kiɗa a ciki ta ƙofar gaba. Makaɗan jaz da yawa sun musulunta a wannan lokaci, akasarinsu ta hannun 'yan Ahmadiyya da suka daɗe suna wa'azi a unguwannin baƙaƙe: Art Blakey ya zama Abdullah ibn Buhaina, William Huddleston ya zama Yusef Lateef, Fritz Jones ya zama Ahmad Jamal. Dizzy Gillespie, wanda shi bai musulunta ba, ya ba da labarin cewa sunan Larabci kan sa a bar mutum ya ci abinci a inda aka kori ɗan'uwansa, wai shi baƙo ne daga waje. Wannan ya nuna wautar dokar, amma bai isa ya bayyana Abdul-Malik ba, domin an soke dokokin wariya a 1964, shi kuwa da sunansa na Musulunci ya koma ga Allah kusan shekara 30 bayan haka. Akwai kuma zancen kasuwa: kamfanin faifai ya fi saurin sayar da udu a hannun ɗan Sudan da a hannun ɗan leburan Brooklyn.

Ƙarya dai ƙarya ce, kuma ta jawo masa asara, tunda ta rufe labarin da ya fi ta daɗi, wato na marayan da ba wanda ya gadar masa da komai na wannan kiɗa, ya je ya durƙusa a gaban baƙi ya koya har ya iya. Sai dai mu ya kamata mu fi kowa sassauci wajen hukunci. Tarihin Daura daga Bagadaza ya ɗauko Bayajidda, sarakunan Borno na dā ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman suka jingina kansu, kuma gidaje nawa ne a Kano da Katsina ke da labarin kakan da ya zo daga gabas? Na san akwai bambanci tsakanin abin da al'umma ta gada a baki da abin da mutum ɗaya ya faɗa wa 'yan jarida yana sane. Amma son a jingina da gabas ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ga shi mu ba a sa kakanninmu a jirgin ruwa an canja musu suna ba.

Kuma ya tako ƙasar nan. A watan Disamban 1961 yana cikin tawagar masu fasaha baƙaƙen Amurka da wata ƙungiyar raya al'adun Afirka ta can ta kawo Legas, tare da Randy Weston da Nina Simone da Lionel Hampton da marubuci Langston Hughes. Daga baya, a 1967, ta bayyana cewa ƙungiyar tana samun kuɗi ta bayan fage daga hukumar leƙen asirin Amurka, zamanin yaƙin cacar baka ne, kiɗa ma makami ne. Wata guda kafin tafiyar yana tare da Coltrane a kulob ɗin Village Vanguard, a cikin dararen da aka naɗi kiɗan nan mai suna India. Bayan dawowarsa ya fitar da Sounds of Africa a 1962, inda aka ji ɗanɗanon hailaif da na kalifso. Abin dariya, kalifson nan na tsibiran iyayensa ne, asalin da yake ɓoyewa ya leƙo ta taga.

Daga tsakiyar shekarun 1960 kasuwar jaz ta faɗi, kiɗan rok ya cinye matasa, faya-fayen da ke ɗauke da sunansa suka tsaya a guda shida. Ya je bikin kiɗan da Weston ya shirya a Tanja ta Maroko a 1972, ya kaɗa udu a faifan Weston na 1973, amma abincinsa ya koma koyarwa: makarantun yara a Brooklyn, sannan jami'ar Niyu Yok. Ya rasu ranar 2 ga Oktoban 1993 a Long Branch ta jihar New Jersey, yana da shekara 66. Allah ya jiƙan Musulmi.

In jaridarku tana son alaƙa ta gaske tsakanin jaz da ƙasar Hausa, ba sai an ara daga Sudan ba. Yusef Lateef da na ambata, mai busa saksofon da sarewa, wanda shi ma tun 1957 yake shigar da sautin gabas cikin jaz, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ya yi nazari a kai, kuma ya naɗi faifai a Legas a 1983. Ya rasu a 2013. Waɗanda suka yi aiki da shi a lokacin, makaɗa da 'yan rawa da ɗalibai, duk yanzu sun manyanta. Ka tura ɗan rahotonka Samaru da na'urar naɗi ya neme su tun suna iya ba da labari, kuma ya tambaya ko akwai tef ɗin da ya rage a cibiyar. In yana buƙatar ɗan jagora, lambata tana bayan wannan takarda.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida basira.

Naka,
Tsohon ma'aikacin rediyo,
Tudun Wada, Zariya.